Duna Bai Haukace Ba

Ku samarin da kuke zuwa mana sitaj, wato koyon aiki, in aka ce saniya ta kasa haihuwa, jikinku na rawa kuke tashi. In raƙumi ne, har gardama kuke yi a kan wanda zai riƙe sirinji. Amma da an ce kare ne yake susa, sai ku dubi juna ku yi murmushi, wani ya ce ai wannan allura ɗaya ce. Na ji an faɗi haka da kunnena, na kuma san wanda ya faɗa, ba zan kama sunansa ba. Ku gyara zama in gaya muku abin da susar kare ta taɓa jawowa a wata unguwa ta Tawa.

Kare na farko da na duba, a arewacin Tebaram ne, ina sabon fitowa daga makarantar aikin dabbobi da takardar mataimaki. Wanda ya koya mini aiki shi ne Malam Ambuka, Allah ya jiƙansa, dogon tsoho mai ƙarancin magana, wanda ya yi shekaru yana zagaya rugage da rijiyoyin Adar. Mun je yi wa shanu rigakafi, sai wani makiyayi ya nuna mana karensa, irin dogayen nan masu siririn ciki da mutanen arewa suke kira oska. Gindin wutsiyarsa duk ya kwakkwaɓe, ba gashi, yana ta juyawa yana cizon kansa. Na buɗe jaka. Malam Ambuka ya ce in rufe ta, mu zauna. Makiyayin ya ɗora shayi. Har muka sha na fari da na biyu, tsohon bai taɓa karen ba, kallonsa kawai yake yi yana tambaya. Ina yake kwana? Me yake ci? Yaushe abin ya soma? Sauran karnukan suna susa? Yaran gida fa?

Da aka sauke shayi na uku, ya fito da matsefi mai ƙananan haƙora, irin wanda mata suke cire ƙwarƙwata da shi, ya jiƙa farin ƙyalle, ya taje bayan karen a kansa. Wasu baƙaƙen ɗigo suka zubo kamar garin barkono. Muna kallo suka narke, suka zama ja. Ya ce mini, “Kashin ƙuma ne, jinin da ta sha ke nan.” Na ce ai sauran karnukan ma suna da ƙuma, ga su nan kwance lafiya lau. Ya ce, “Su jininsu ya karɓe ta. Wannan nasa ya ƙi. Cizo ɗaya ya ishe shi ya yi mako yana yagar fatarsa.” A ranar na fara sanin cewa kare ma yana yin borin jini, abin da a takarda ake kira alerji, kamar yadda wani mutum zai ci gujiya ya kumbura, ɗan'uwansa ya ci mudu guda bai ji komai ba. Muka wanke karnukan duka da magani, muka sa aka ƙone tsohuwar tabarmar da suke kwana a kai, aka sauya musu makwanci. Da muka sake biyowa da kaka, gashi ya rufe wurin.

A kan hanyar komawa ya raba mini susar kare yadda har yau nake raba ta. Ƙazuwa tana kama gefen kunne da gwiwar hannu, kuma tana yaɗuwa, har mutanen gida za ka ga suna soshe-soshe. Ƙuma tana son gindin wutsiya. Amma in ka ga kare yana tauna tafin ƙafafunsa, yana goga fuska da bango, kunne ya yi ja, hammata ta yi ja, alhali shi kaɗai ne a gidan, to ka shirya doguwar tafiya, don wani abu ne yake ci, ko yake shaƙa, ko yake kwanciya a kai, kuma ba zai buɗe baki ya gaya maka ba.

Kayan aikin ba su da yawa, ga jakar nan kuna gani. Takunkumi guda uku ne, babba da matsakaici da ƙarami, wani baduku ya ɗinka mini su a kasuwa, kuma sun fi na kanti ƙarko. Wannan sanda mai zarge bututun ruwa ne da wayar birkin moto, wato babur, da ita kake riƙe karen da ba ka yarda da shi ba ba tare da haƙorinsa ya iso ka ba. Ga reza da 'yan gilasai na kankare fata, ga matsefi da farin ƙyalle, ga safar hannu. Akwatin ƙanƙara na rigakafin haukar kare ne, in ya yi ɗumi a hanya, ruwa kawai ka tsira wa dabbar mutane. Mikroskop ɗin buro kuwa, wato na ofishin nan, tsoho ne mai madubi, da hasken rana yake aiki, shi ya sa tebur ɗinsa yake bakin taga.

Masu kawo mana karnuka kashi-kashi ne. Akwai masu garkar albasa da kare yake yi musu gadi, akwai mafarauta, akwai makiyaya da suke tsoron dila a kan 'yan awaki. Waɗannan da doguwar igiya suke zuwa, su tsaya nesa da karen kamar ba nasu ba, amma in ka ce ciwon ya yi tsanani, sai ka ga fuskarsu ta sauya. Akwai kuma ma'aikata, da gidajen Kiristocin da aiki ya kawo su daga kudu, su karensu yana da suna, yana da kwanonsa. Dangina sun daɗe suna yi mini ba'a da likitan karnuka. Ni dai in na gama sai in wanke hannu da sabulu, in sauya riga, in yi alwala in bi sahu.

Muguwar shekarar da nake so in ba ku labarinta, damina ta yi kyau, gero ya yi, nono ya wadata. Sai ga mahaukacin kare ya ɓullo daga wajen mayanka, ya ciji mutane a unguwanni kafin a kashe shi. Cikin waɗanda ya ciza akwai wani ɗan ga-ruwa da bai je asibiti ba. Bayan 'yan makonni ya rasu, kuma waɗanda suka ga yadda ya rasu sun baza labarin ko'ina. Gari ya ruɗe. Aka ba da umurnin kashe duk karen da ba shi da mai shi. Mu da muka koyi warkar da su, mu aka ba aikin ajiye nama mai guba a juji, da safe amalanke ya bi ya kwashe. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Abin da nake so ku gane shi ne, a lokacin duk karen da ya yi dalala, ko idonsa ya yi ja, ko ya yi wani kuka dabam, sunansa mahaukaci.

Wata safiya kabu-kabu ya sauke Madam Lidiya a ƙofar buro, kallabinta a karkace. Malamar lakwal ce, wato makarantar boko, 'yar wajen Maraɗi, Kirista. Mijinta ya rasu a nan Tawa, 'ya'yanta suna karatu a Yamai, ita kaɗai ce a gida sai wani baƙin kare mai suna Duna. Na san shi, ni na yi masa rigakafi yana ƙarami, amma lokacin sabuntawa ya daɗe da wucewa.

Ta ce, “Lokotoro,” wato likita, “ka taimake ni ka zo yanzu. Duna ya ciji Ramatu. Na kulle shi a ɗakin girki, samari sun cika ƙofar gidana.”

Ramatu jikanyar maƙwabcinta ce, Alhaji Ƙasum, mai shanu a wajen Affala. Yarinya ce da ba ta isa shiga lakwal ba. Katanga ɗaya ta raba gidajen biyu, kuma akwai wurin da ruwan sama ya zubar da ita, suka bar shi haka don Madam da Hajiya Ai, matar Alhaji, su riƙa miƙa wa juna gishiri da garwashi. Ta nan yarinyar take tsallakawa ta yi wasa da karen tun tana rarrafe. A ranar ta kama kunnensa, shi kuwa ya kai mata cafka a hannu.

Na ɗauki jaka na bi ta. Mun tarar da samari riƙe da sanduna da duwatsu, Alhaji Ƙasum yana tsaye a tsakiyarsu. Ban fara da kare ba, na ce a nuna mini yarinyar. Haƙori biyu ne suka shiga bayan hannunta, Hajiya ta riga ta shafa toka. Na sa aka kawo buta da sabulu, aka yi ta wankewa ana kwarara ruwa, tana ihu, har buta ta ƙare aka sake cikowa, aka sake. Daga nan babanta ya ɗauke ta a moto zuwa asibiti. Ku riƙe wannan. Duk inda kare ya ciji mutum, mutumin ne aikinku na farko.

Sannan na leƙa ta tagar ɗakin girki. Gaskiya ko ni sai da na ja da baya. Leɓunansa sun kumbura, idanu jawur, ƙafafun gaba sun jiƙe sharkaf da yawu, yana kaɗa kai, yana goga fuska da bango yana wani irin kuka. Madam ta ce ya yi makonni yana susa, ta ɗauka zafi ne, tana jiran hutun lakwal ta kawo shi.

Alhaji ya ce mini, “Ka gani da idonka. Wanga kare ba shi kwana duniya yau.”

Na ce, “Alhaji, in kunka kashe shi yanzu, wa za shi gaya muna ko yarinya ta ɗauki ciwon?”

Ya ce, “Kare ka gaya muna?”

Na ce shi ne kuwa. Na yi masa bayani a gaban samarin. In an kashe shi, sai an yanke kai an sa a ƙanƙara an aika Yamai, da wannan zafi da wannan nisa yana iya lalacewa a hanya, a dawo mana da babu. Amma karen da hauka ta kai ga yawunsa ba ya wuce kamar kwana goma a raye. In muka tsare shi, ya wuce wannan yana ci yana sha, to ranar da ya ciji Ramatu bakinsa ba shi da ciwon.

Ya ce, “In ya mutu hwa?”

Na ce, “In ya mutu, mun san abin da muke ciki, likitoci su san yadda za su yi da ita. Ko ta wace hanya, sani ya fi.”

Ya dubi Madam, wadda take tsaye jikin ƙofa. Shekara da shekaru suna zaman lafiya, ita take duba wa jikokinsa karatu. Ya ce, “Ba shi zama cikin unguwarmu.” Na ce na ji, akwai kejin ƙarfe a bayan buro. Madam ta kira sunansa ta taga, ya zo yana kaɗa wutsiya, na zura sanda mai zarge na riƙe shi, muka sa masa takunkumi, muka ɗora shi a amalanke. Samarin suka buɗa mana hanya ba da son ransu ba. Da muka isa na ajiye masa ruwa, ya shanye. Mai amalanken ya ce shi ke nan, ai mahaukacin kare ba ya shan ruwa. Na ce masa wannan zancen gari ne, na ga wanda ya sha ya kuma mutu da haukar. Lokaci kawai zai nuna.

A asibiti aka yi wa Ramatu allurar farko, amma aka ce sauran sai an jira su zo daga Yamai, don waɗanda aka ciza a shekarar sun yi yawa. Saboda haka duk hankalin gidan Alhaji ya dawo kan kejin nan. Mutumin da a rayuwarsa bai taɓa tsayawa ya kalli kare ba, kullum in ya fito sallar asuba sai ya biyo ta buro. Ya tsaya nesa, hannu a baya, ya ce, “Ya ci?” In ce ya ci. “Ya sha?” Ya sha. Sai ya juya.

Ni kuma ina kallon karen ta tsakanin ƙarafa, don a irin wannan lokaci ba a sa masa hannu. Tsakanin yatsunsa ya yi ja, hammata ta yi ja, cikin kunne ya yi ja yana wari, gindin wutsiya kuwa lafiya lau. Na fara zargin borin jini, na kuma gane dalilin cizon: kunnen da yarinyar ta kama ciwo ne ɗanye. Amma zargi ba shaida ba ne, ban faɗa wa kowa ba. Na dai riƙa cusa masa ƙwayar maganin ƙaiƙayi a cikin lomar tuwo ina jefa masa.

Ana tsakiyar haka, wata safiya Duna ya ƙi cin abinci. Ya kwanta a lungun keji, ya juya mana baya. Alhaji ya zo ya yi tambayarsa, na kasa ce masa ya ci. Ya dubi kwanon, ya dube ni, sai kawai ya nemi benci ya zauna, abin da bai taɓa yi ba. Na sauya tuwo, na kawo romo, karen ko ɗaga kai bai yi ba. Hantsi ya yi, rana ta take, Alhaji yana zaune yana jan carbi. Na san abin da yake lissafawa, ni ma shi nake lissafawa, don akwai irin haukar da ba ta sa kare faɗa, sai dai ya yi lamo ya shanye.

Na ce, “Alhaji, akwai abu ɗaya da ban gwada ba. Uwar ɗakinsa ta kwana biyu ba ta zo ba, ana jarrabawa a lakwal.”

Ya tashi ya tare kabu-kabu. Shi da kansa ya je ƙofar lakwal ya tsaya har aka tashi, ya sa aka ɗauko ta. Ta zo da alli a hannunta, ta durƙusa gaban keji ta ce, “Duna, haba Duna. Tashi mana.” Kunne ya motsa. Ya miƙe, ya yi miƙa, ya zo yana kuka ƙasa-ƙasa yana buga wutsiya da ƙarfe. Ta tura masa kwanon da sanda, ya cinye tas, ya lashe. Alhaji ya sauke wani dogon numfashi ya ce, “Madam, don Allah ki riƙa zuwa kullum. Kuɗin moto na wuyana.” Ta ce, “Baba, ko da ƙafa zan zo.”

Kwanakin suka cika, na ƙara wasu a kai don hankali ya kwanta. Kumburin ya saɓe, ido ya washe, Duna yana ci kamar gara. Ranar da na ce wa Alhaji jikanyarsa ta kuɓuta, ya cire hula ya shafa kai, ya yi ta alhamdu lillahi, ya aika aka raba waina a ƙofar masallaci. Alluran ma suka iso, likita ya ce a ƙarasa mata, aka ƙarasa.

A nan ne ku za ku ce aiki ya ƙare. Ni kuwa a nan nawa ya fara. Na sa masa takunkumi, na kankare fata a wurare dabam-dabam har jini ya ɗan tsatso, na duba a bakin taga, babu ƙwayar ƙazuwa. Na taje shi a kan farin ƙyalle, babu kashin ƙuma. Na wanke kunnen, na ɗiga magani, na sabunta masa rigakafi. Mai unguwa ya yarda ya koma gida da sharaɗin a ɗaure shi. Bai daɗe da komawa ba, ƙwayoyin suka ƙare, susa ta dawo sabuwa. Leɓe ya fara tashi. Mata masu wucewa suka fara leƙe suna cewa ai dama an faɗa, haukar ce take kwanciya tana tashi. Kuma na san kare mai ciwo zai sake cizo, in ya sake kuwa ba mai tsaya masa.

Ƙwayar nan tana kashe ƙaiƙayi kamar an zuba wa wuta ruwa, shi ya sa kuke son ta. Amma ku ci gaba da ba kare ita wata da watanni, ku ga yadda zai riƙa shan ruwa ba ƙoshi, ciki ya yi tulu, ƙafafu su sirance, ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa. Dole a nemo abin da jininsa ya ƙi. Na ce wa Madam daga yau kada ya ci komai sai tuwon gero da nama iri ɗaya wanda bai taɓa ci ba. Muka yi ta lissafi, ya ci na shanu, ya ci na akuya, ya ci ƙashin kaza. Raƙumi ne kawai bai taɓa shiga gidanta ba. Na haɗa ta da wani mahauci da yake yanka raƙumi, ya riƙa ajiye mata gutsattsari. Na ce za a yi kamar wata biyu a haka, ko ɓawon burodi kada ya lasa.

Madam malama ce, in ta kafa doka ta kafu. Amma makonni suka wuce ba sauyi. Na ce a sauya buhun da yake kwana a kai, aka sauya. Na ce a daina wanke shi da sabulun wanki, aka daina. Aka nome ciyawar tsakar gida, aka share, aka yayyafa magani. Duna dai yana tauna ƙafa. Wata rana ta ce mini, “Lokotoro, in ba zai warke ba, ka gaya mini gaskiya. Ba zan bari ya sake cizon ɗan kowa ba, kuma ba zan iya kallonsa a haka ba.” Na roƙe ta ta ƙara mini lokaci, alhali ban san abin da zan yi da lokacin ba.

Wani ragon Alhaji ne ya kai ni gidansa wata rana da azahar, yana zawo. Ina tsugune a turke ina ɗura masa magani, Madam tana lakwal, sai na ga Hajiya Ai ta fito daga ɗaki da wani tsohon kasko, tana waige-waige, ta nufi wurin da katanga ta zube. Na ji sarƙa ta yi ƙara a ɗaya gefen.

Na ce, “Inna, mi ag ga kaskon nan?”

Ta firgita, ta ce, “Kai ɗan nan, ka ba ni tsoro. Ɗan kingin nono na, wanda ya rage. Kak ka gaya ma Alhaji.”

Na tambaye ta tun yaushe take ba shi. Ta ce tun farkon damina, da nono ya fara zuwa musu daga Affala ya fi ƙarfin gida. Ta ce karen nan gida biyu yake gadi, shi ya taɓa korar ɓarawo daga wannan turken da nake tsugune, kuma ba wanda ya ce masa sannu. Bayan abin da ya faru kuwa sai ta ƙara masa, don an kusa ɗaukar alhakinsa. “Baiwar Allah ta bar shi da tuwo da ɗan nama awa na maraya,” in ji ta, “duk ya rame.”

Na ce, “Inna, ina jin nonon nan ne ciwonsa.”

Ta dube ni sama da ƙasa. “Nono? Nonon da munka girma da shi? Nonon da aka ba jinjiri?”

Na ce ni ma ban tabbata ba, amma ta yi mini alfarma ta daina na ɗan lokaci mu gani. Ta ce ta ji, amma fa ita ba ta yarda ba. Da yamma na gaya wa Madam. Ta zauna a kan turmi ta yi ta dariya har da hawaye, ta ce mako da makonni tana auna masa abinci kamar mai jinya, ashe yana da wata uwar a bayan katanga.

Abin bai warke dare ɗaya ba. Da fari ya daina kuka. Daga baya tafin ƙafafun suka bushe, jan ya koma ruwan toka, kunne ya daina wari. Kafin sanyi ya shigo sosai, gashi ya fito baƙi wuluk yana sheƙi, ba tare da ƙwaya ko ɗaya ba. Amma Hajiya ta ce sanyi ne ya warkar da shi. Ni ma ina so in tabbata, don haka aikin yake, sai ka maido abin da kake zargi ka ga ko ciwon zai dawo. Muka taru mu uku, na ce ta ba shi ludayi ɗaya da hannunta. Washegari da la'asar na dawo, na same ta tsaye a bakin katanga ta riƙe haɓa. Duna yana kwance yana gurgurar ƙafarsa, kunne ya yi ja.

Ta yi salati ta ce, “Ashe ni na ja ma jikata cizo.”

Madam ta tsallako ta riƙe hannunta ta ce, “Inna, alheri kika yi masa. Ko ni da na san kina da nono da yawa, da na roƙa masa.”

Hajiya ta share ido da gefen mayafi, ta juyo gare ni. “To, lokotoro, yanzu mi za ni ba shi? Ba ni iya ci shina kallona.” Na ce ƙanzon tuwo, in dai ba a zuba masa nono ba. Cikin 'yan kwanaki susar ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Daga baya muka riƙa maido masa da sauran abinci ɗaya bayan ɗaya, naman akuya ya zauna, ƙashin kaza ya zauna. Mai unguwa ya ce a kwance sarƙar. Ramatu ta koma tsallaka katanga, an dai hana ta taɓa kunne.

Ban san wanda ya gaya wa Alhaji zancen kaskon ba, amma ya ji. Wata ranar kasuwa na biya in duba kunnen karo na ƙarshe, muna tsaye da Madam a tsakar gida, sai ga shi ya leƙo ta inda katanga ta zube, riƙe da wani ƙunshi a takardar siminti, nesa da rigarsa. Ya miƙo mata. Ta buɗe, naman raƙumi ne, har da ƙashi.

Ta ce, “Baba, ai ya warke. Yanzu yana cin kowane nama.”

Ya ce, “Na sani. Mahaucin ne ya matsa mini.”

Duna ya taso yana kaɗa wutsiya. Alhaji ya ja da baya taku ɗaya, ya dube shi, ya ce, “Kai kuma, ka kiyayi nonon mutane.” Ya juya ya koma zaurensa, bai tsaya jin godiya ba.